Maganaɗisu ko Shokin: Abin da Kowannensu Ke Yi wa Jinin Ƙwaƙwalwa, da Wanda Ya Dace da Majinyacinka

Ƙanwata ta kira ni daga Alƙahira bayan sallar isha'i, muryarta a shaƙe. Mijinta ta raka asibiti, bawan Allah da ciwon damuwa ya danne kusan shekara biyu, an sauya masa ƙwaya har kala uku babu wadda ta kama shi. Likita ya shimfiɗa musu hanya biyu: ko dai a riƙa harba masa maganaɗisu a gefen goshi da na'urar da ake kira TMS, ko a yi masa jinyar lantarki, wadda likitoci ke kira ECT, mu kuma a gida muke cewa shokin. Ta ce, "Yaya, wata mata a masaukinmu ta ce min na maganaɗisun ya fi, wai ƙara wa ƙwaƙwalwa iskar oksijin yake yi, shi kuwa shokin ƙone ta yake yi. Don Allah wanne za mu ɗauka?"

Maganar matar nan tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake jin tsoronta. Lallai maganaɗisun yana taɓa jini da oksijin ɗin ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya ɗora zaɓinsa a kan wannan kaɗai zai iya zaunar da majinyacin da ke buƙatar ɗaukin gaggawa mako shida a kan kujera, ciwo na ƙara cin sa.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da mutum ke amfani da shi yana zaune, kuma ba ta ajiye na gobe. Jini ya yanke mata na daƙiƙa goma kacal, mutum ya suma. Kusan mililita 750 na jini ke ratsa ta a kowane minti, kuma yadda take raba shi yana tuna min unguwar da babu famfo. Gidan da ake biki shi ke tura yaro ya kira ɗan garuwa. Sai dai 'yan garuwar ƙwaƙwalwa ba su san jarka ɗaya ba. Ka nemi jarka guda, kura sukutum za su turo maka ƙofar gida. Idan ƙwayoyin jijiya na wani lungu suka tashi aiki, ƙananan hanyoyin jinin wurin sai su buɗe, jini ya kwararo fiye da abin da ake buƙata. A 1986 Peter Fox da Marcus Raichle sun auna wannan a birnin St. Louis na Amurka: gudun jini a wurin da ke aiki ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100, amma oksijin da aka ci ya ƙaru da kashi 5 kawai. Ragowar ta wuce ba a taɓa ta ba. Kwararowar takan kai ƙololuwa kamar daƙiƙa biyar bayan aikin, sannan ta lafa.

Wannan ragowar ce na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ke gani. Tun 1936 Linus Pauling da abokin aikinsa suka gano cewa himoglobin, sinadarin da ke sa jini ja, yana sauya halinsa a gaban maganaɗisu idan ya sauke oksijin. A 1990 masanin Japan Seiji Ogawa ya nuna cewa za a iya ɗaukar hoton wannan bambanci. Duk hoton ƙwaƙwalwa mai ɗigon ja da rawaya da ka taɓa gani a intanet an ce ga inda tsoro yake, ga inda ƙauna take, jini ne aka ɗauka. Sawun tayar kura ne a ƙasa, yana nuna gidan da aka yi biki.

To, mene ne TMS yake yi a cikin wannan unguwa?

Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna na'urar a Sheffield ta Ingila a 1985, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano tun 1831, cewa maganaɗisu mai saurin sauyawa yana haifar da lantarki a abin da ke kusa da shi. Ana ɗora naɗin waya mai siffar lamba 8 a kan fatar kai. Wuta mai ƙarfi ta ratsa shi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 zuwa 2 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ya huda ƙashin kai ba tare da yanka ba, ya tayar da ƙwayoyin jijiyar da ke zurfin santimita biyu zuwa uku. Ranar farko likita ba ya farawa da goshi. Zai ce majinyaci ya shimfiɗa hannunsa a cinya ya sake shi, a toshe masa kunne, sannan ya riƙa zaga naɗin wayar a saman kai yana harbawa ɗaya-ɗaya, tas, tas, har babban yatsa ya zabura da kansa, mai shi yana kallo bai umarce shi ba. Mafi ƙarancin ƙarfin da ya motsa yatsan shi ne ma'aunin wannan mutum. Daga nan a matsa gaba zuwa gefen hagu na goshi. A tsarin da aka fi sani, na'urar tana bugawa sau 10 a daƙiƙa, na daƙiƙa huɗu, kamar keken ɗinki ya ɗauki gudu, ta huta daƙiƙa 26, ta sake, har bugu 3,000 cikin minti 37 da rabi. Kwana biyar a mako, mako huɗu zuwa shida. Mutum yana farke, ya tashi ya saka hularsa ya tafi.

Maganaɗisun ba ya jawo jini kamar yadda yake jawo allura, duk da cewa akwai sinadarin ƙarfe a cikin jinin. Jijiyoyi yake tayarwa, su kuma su kira ɗan garuwa. Gwajin da ya fi bayyana min wannan shi ne wanda aka yi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aka buga a 2007. An harba TMS a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwoyi, ana auna aikin jijiyoyi da oksijin da gudun jini a lokaci guda. Da farko jijiyoyin sun ɗauki zafi na kamar minti ɗaya, daga nan amsawarsu ta yi sanyi na minti biyar zuwa goma, kuma jinin da oksijin suka bi sawunsu, suka hau tare suka sauka tare. Ka lura: harbi iri ɗaya ya kawo ƙari, ya kuma kawo ragi, gwargwadon lokacin da ka duba.

A jikin mutane ma saurin bugun yana sauya lissafi. A 2000 Andrew Speer da abokansa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka sun yi wa masu ciwon damuwa mako biyu na bugu 20 a daƙiƙa, da mako biyu na bugu ɗaya a daƙiƙa. Mai saurin ya ƙara gudun jini a wurare da dama, mai jinkirin ya rage shi. Kuma shi mai jinkirin, wanda ke rage jinin, ana amfani da shi a gefen dama na goshi a yi maganin ciwon damuwar da shi, mutane su samu sauƙi. Da ƙarin oksijin ne maganin, da wannan bai yiwu ba. Wani abin mamaki kuma, tun da Daryl Bohning da Mark George suka fara harba TMS a cikin na'urar MRI a birnin Charleston na Amurka a ƙarshen shekarun 1990, an sha ganin cewa wurin da ke daidai ƙarƙashin naɗin wayar ba ya nuna wani sauyi mai yawa idan bugun ba mai ƙarfi ba ne, sai wurare masu nisa da ke da alaƙa da shi su nuna. An ƙwanƙwasa ƙofar zaure, amma a cikin gida aka tashi.

Yanzu shokin. Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara shi a Rum a 1938, kuma mummunan sunan da yake da shi a wurinmu ya samo asali ne daga yadda aka daɗe ana yin sa, mutum ido biyu, ƙarti sun danne shi. Yadda ya kamata a yi shi a yau daban ne. Majinyaci zai zo bai ci komai ba, a yi masa allurar barci ta 'yan mintoci da allurar sake tsoka, a rufe masa hanci da baki da robar oksijin zalla, a maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa. Sannan a saki lantarki na 'yan daƙiƙoƙi, ƙwaƙwalwa ta shiga jijjiga da gangan, yawanci ta ƙasa da minti ɗaya, jikin kuwa da ƙyar za ka ga yatsun ƙafa na motsi. Sau biyu ko uku a mako, zama 6 zuwa 12.

A nan ba gida ɗaya ke biki ba, unguwar ce gaba ɗaya. Buƙatar oksijin tana tashi sama ƙwarai, bugun zuciya ya ɗan yi ƙasa sannan ya hau, hawan jini ya ɗaga, jini ya cika kai har matsin cikin ƙoƙon kai ya ƙaru na ɗan lokaci. Shi ya sa ake cika huhu da oksijin tun kafin a fara, kuma shi ya sa mai ba da allurar barci ba ya barin kan majinyaci. Idan an yi haka, hotunan MRI ba su nuna cewa ƙwaƙwalwa na ƙonewa ba. Bayan jijjigar kuwa gudun jini a gaban ƙwaƙwalwa yakan sauka. Mitchell Nobler da Harold Sackeim a birnin New York sun nuna a shekarun 1990 cewa waɗanda jininsu ya fi sauka a wannan yanki bayan shokin su ne suka fi samun sauƙi. Jinyar da ta fi kowace ƙarfi ke nan, kuma sawunta a jini ragi ne.

Saboda haka na ce wa ƙanwata ta ajiye maganar oksijin a matsayin ma'aunin wanne ya fi warkarwa, ta ɗauko ta a matsayin ma'aunin wanne jikin mijinta zai iya ɗauka. Ma'aunin warkarwa kuwa tsananin ciwon ne.

Idan mutum ya daina ci da sha, ko ya sandare ba ya magana ba ya motsi, ko ya fara jin muryoyi, ko ya gaskata cewa ya aikata laifin da ba a yafewa alhali bai yi komai ba, ko yana shirin hallaka kansa, shokin ne, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Binciken da aka kwatanta su kai tsaye ya nuna ECT ya fi TMS ƙarfi, tazarar ta fi faɗi ga masu irin waɗannan alamu, kuma sauƙin yakan fara bayyana cikin mako ɗaya ko biyu. Farashinsa mantuwa ne. Ruɗewa bayan farkawa, wahalar riƙe sabon abu a makonnin jinyar, wani lokaci kuma ɓacewar abubuwan da suka faru watanni kafin jinyar, waɗanda wasu ba sa dawo musu. Likitan da ya ɓoye maka wannan bai yi maka adalci ba. Ga kuma komawar ciwo: kusan rabin waɗanda suka warware da shokin ciwon yakan dawo musu cikin shekara guda, don haka ba a sakin magani bayansa.

Idan kuwa mutum yana ci, yana sallarsa, yana iya fita ko da da ƙyar, ƙwayoyi ne kawai suka ƙi kama shi ko suka wahalar da shi, TMS ya dace a fara da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon damuwa a 2008, hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta bi baya a 2015. A babban gwajin da aka yi a Kanada da mutum 414, aka buga a 2018, kusan rabi sun samu sauƙi mai ma'ana, kusan kashi ɗaya cikin uku sun warware. Babu allurar barci, babu mantuwa. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne da zafin fata a wurin bugun, musamman makon farko, da tsokar fuska da ke rawa yayin harbin. Jijjiga tana iya faruwa amma da wuya, ƙasa da mutum ɗaya cikin dubu. Malami, alaramma, akanta, ɗalibi, duk wanda abincinsa ke cikin abin da ya haddace, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a wurinsa. Wannan gwaji na Kanada ya kuma nuna cewa wani sabon salon bugu na minti uku, mai harbi 600, wanda aka ƙirƙiro a Landan a 2005, bai gaza na minti 37 ba. Wanda aka ba shi zaɓi tsakaninsu ya ɗauki gajeren ba tare da jin an rage masa komai ba.

Akwai abubuwan da dole mutumin yankinmu ya faɗa da bakinsa, domin likitan waje ba lallai ya tambaya ba. Na farko tiramadol. Yana sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwa shiga jijjiga, kuma samari da yawa da damuwa ta kama sun daɗe suna sha a ɓoye. Wanda ya ɓoye wannan ya zauna a kujerar TMS ya jefa kansa cikin haɗari. Haka mai farfaɗiya, da mai rashin barci na kwanaki. Na biyu ƙarfe a kai. Wanda ɓarɓashin harsashi ko na bam ya maƙale masa a kai ko wuya, abin da ya zama ruwan dare daga Barno zuwa Zamfara, ko aka dasa masa na'urar ji a cikin kunne, ko aka maƙale masa jijiyar jini a ƙwaƙwalwa da ƙarfe, TMS ba nasa ba ne sai ƙwararru sun tantance. Na uku sikila. Mai sikila jinin ƙwaƙwalwarsa dama yana gudu fiye da na sauran mutane don cike giɓin ƙarancin jini, hanyoyin sun riga sun buɗe, babu sauran sarari mai yawa idan buƙata ta tashi, kuma allurar barci tana neman kulawa ta musamman a jikinsa. Shi da mai hawan jinin da ba a daidaita ba, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai ƙari a ƙwaƙwalwa, nauyin shokin a kansu ya fi na kowa. A nan ne sanin abin da kowace jinya ke yi wa jini yake da amfani na gaske.

Sai aljihu da nisa. Shokin sananne ne a asibitocin ƙwaƙwalwa na Najeriya tun da daɗewa, kuma muna da asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, inda za a fara neman shawara. Ko ina za a yi shi, a tambaya a fili: da allurar barci da ta sake tsoka da oksijin za a yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina yin sa babu su. Na'urar TMS kuwa ta yi ƙaranci a ƙasashenmu, mutanenmu sun fi haɗuwa da ita a Masar ko Indiya ko Dubai, kuma zama 30 yana nufin haya da abinci na wata ɗaya da rabi a ƙasar mutane. Wanda ya yi zama goma kuɗi suka ƙare ya dawo, bai gwada jinyar ba.

Akwai ta uku da ake tallatawa, ƙaramar na'ura mai batir da ake ɗaura wa a kai, tDCS, mai sakin lantarki na miliamfa ɗaya zuwa biyu. Ba ta tayar da jijiya, tana ɗan karkata ta ne kawai. A gwajin birnin Sao Paulo na Brazil a 2017 ta fi jinyar bogi da aka gwada ta da ita, amma ba ta kamo ƙwayar ciwon damuwa mai suna escitalopram ba. Wanda ƙwaya uku ta ƙi kamawa kada ya ɗora begensa a kanta.

Wuri guda na sani da auna oksijin ya shiga cikin jinyar kanta. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki, yanki na 25, wanda Helen Mayberg ta nuna yana da hannu a ciwon damuwa, kuma ya yi wa maganaɗisun zurfi. A 2012 Michael Fox ya lura cewa TMS ya fi aiki idan aka harba a daidai ɗigon goshin da jininsa ke sauka duk lokacin da na yanki na 25 ya hau. A jami'ar Stanford sai suka riƙa saka kowane majinyaci a MRI su nemo masa nasa ɗigon, sannan su yi masa zama goma a rana na kwana biyar. Sakamakon ya yi kyau matuƙa, aka amince da tsarin a Amurka a 2022, amma gwajin da aka dogara da shi mutum 29 ne kawai, kuma yana da tsada. Ko a nan oksijin taswira ce da ke nuna inda za a harba. Wasu wuraren kuma za su ɗaura wa majinyaci hula mai fitilu, wadda ke auna oksijin da haske kamar 'yar na'urar yatsa da annobar korona ta sa kowa ya sani, su nuna maka layi ja yana hawa a allo. Kayan bincike ne mai daraja, sai dai haskensa ta fatar kai yake bi, fatar da bugun ke girgizawa jininta ya ƙaru. Kada hawan layin ya sa ka biya ƙarin kuɗi. Ci da barci da fara'ar majinyaci su za a duba, tare da takardar tambayoyin da likita ke cikawa duk mako.

Mijin ƙanwata yana cin abinci, ba ya jin muryoyi, kuma da aka tambaye shi a keɓe ya ce tunanin mutuwa yakan zo masa amma bai taɓa shirya komai ba. Lissafin kuɗi ne sana'arsa. Babu ƙarfe a kansa, ba ya shan komai bayan abin da aka rubuta masa, hawan jininsa na nan daidai. Shi da kansa ya zaɓi maganaɗisu, gajeren salon. Abin da na roƙe ta shi ne kada su fara sai sun yi yarjejeniya da likitan, kuma sun yi: za a duba ma'aunin ciwon bayan zama 20, idan kuwa kafin nan ya daina ci, ko maganar mutuwa ta sauya kama, a ranar za a koma batun shokin ba tare da jiran ƙarshen mako shidan ba. Likitan ya rubuta haka a fayil ɗinsa, ita ma ta rubuta a bayan takardar asibitin da ke jakarta.